Baƙin Ɗigo a Miyar Inna

Shekarun baya can, tun Turawa ba su tattara komatsansu ba, lokacin da gyaɗa ke tashe har ana jibge buhunanta suna tokare sama, na yi wani aiki wanda har yau in zafin bazara ya kankama sai kafaɗata ta dama ta tuna mini da shi.

Sana'ata a lokacin kankare madafi ce, wato kicin ɗin nan naku. Kada wanda ya yi dariya, sana'a ce sosai. A Yakasai da kewayenta gida nawa ne ba a suyar ƙuli-ƙuli ko ƙosai? Hayaƙin mai kuma ba irin na tuwo ba ne. Na tuwo busasshe ne, kunkunniya ce kawai, tsintsiya ta ishe ta. Na mai kuwa hawa yake ya manne wa azara, ya yi kauri, ya yi danƙo, ranar da harshen wuta ya kai gare shi sai dai a ji unguwa ta ɗauki salati. Namiji ba ya shiga cikin gidan mutane, matan gida kuma babu mai son ta wuni da wuya a ɗage baƙi na zubo mata a ido. To ni ce mai shiga. Aurena na fari ya mutu, na dawo ɗakin mahaifiyata, ga tsawo ga ƙarfi. Ba yabon kai ba, madafin da na kankare ko surukar da ta fi kowa tsegumi ta shiga, sai dai ta fito ta nemi wani abin faɗa.

Ita mahaifiyata, Inna muke ce mata, girki take yi a gidan wani attajiri mai sayen gyaɗa, can wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Tun zamanin mahaifinsa take kan tukunyar gidan. Shi kansa maigidan a hannunta ya ci ƙanzo tun ba ya sa wando. Da aka kawo uwargidansa tana amarya, Inna ce ta nuna mata yadda yake son miya. Kowa a gidan Baba yake kiranta.

Sai maigidan ya je gidan wani Kwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, da suke ciniki, ya gano wani abu, ya dawo ya ce sai an yi masa irinsa. Aka samo maƙeri daga Sabon Gari, aka kora matan gida ɗaki aka saki labule, maza suka shigo suka huda rufin madafi. Da mata suka fito sai ga wani ƙaton ƙarfe rataye bisa murhu, mai faɗin baki, ya tsuke a sama, da bututu ya ratsa rufi ya fita waje. Babu wanda ya san sunansa, sai aka sa masa malafa, don da ita ya yi kama. Har daga Goron Dutse mata sun zo kallo da sunan barka.

Abin ya yi aiki kuwa, gaskiya a faɗe ta. Hayaƙi ya daina zama. Inna ta daina dawowa gida da jan ido tana tari. Har cewa take yi, “Yaron nan Allah ya yi masa albarka, ya raba ni da hawayen dole.” Maigida ya kafa doka cewa malafarsa kullum ta kasance tana ƙyalli. Sai matan gida suka duƙufa, kowace safiya toka da lemun tsami, suna goge bayanta har mutum ya ga haƙoransa a jiki. Cikinta fa? Babu wanda ya taɓa tunaninsa. Wuta ba ta mutuwa a madafin nan, don baƙi ba sa yankewa, suyar nama da waina da ƙosai ba dare ba rana. Wa zai cusa kansa bisa wuta ya leƙa duhu? A ganin kowa ai hayaƙi fita yake, me kuma zai tsaya?

Ana nan, aka yi wata bazara mai zafin tsiya. Maigida ya buɗe miyarsa ya ga wani baƙin ɗigo yana yawo a kai, ga ɗaci ga wari. Aka zubar. Kwana kaɗan ya sake gani. Kuma a tasa kaɗai, ba a ta sauran gida ba. Ana cikin haka ciwon ciki ya kama shi ya kwantar. Yana da wata yaya da mijinta ya rasu ta dawo gidan da zama, kowa Gwaggo yake ce mata. Ita ta lakaci ɗigon nan a ganye ta kai wa wani malami, ta dawo da labarin wai an ce abin daga hannun da ke riƙe ludayi yake. Daga ranar aka sa ƙa'ida: kafin a kai akushin maigida turaka, sai Inna ta tsaya a tsakar gida, gaban kowa, ta yi loma ta haɗiye.

Ni duk ban sani ba. Na dai ga Inna tana dawowa ta zauna a bakin ƙofa, in na miƙa mata tuwo ta ce ta ƙoshi. A bakin ƙawata mai kitso na ji, ita da ke shiga gidan tana yi wa uwargida kai.

“Ke, wai da gaske ba ki ji ba, ko bakina kike son ci?”

“Me zan ji?”

“Kina ta kankare rufin mutane, ga naku yana yoyo. Ana can ana sa Baba cin loma a tsakar gida kamar wadda aka kama da laya.”

Na bar ta da kan wata a hannu, na yi gida. Na tarar da Inna tana tsince wake.

“Inna, gaskiya ne abin da na ji?”

Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta ce, “Ke wannan, wa ya aike ki?”

“Ki daina zuwa gidan nan.”

“Loma ce fa. Abin da na dafa ne, in na ci mene ne?” Ta ci gaba da tsintar wakenta, amma na lura mai kyau take jefarwa tana barin mai huji. Can ta ce, “In na daina zuwa sai a ce na gudu, ta tabbata ke nan. Ke ma gobe wa zai bar 'yar mai barbaɗe ta shiga madafinsa? A kai ni kabari da wannan suna? A'a. Zan ci.”

Na kwashi kayanta na wanki don dai hannuna ya sami abin yi. Ina cikin cuɗa kallabinta sai na ga wani tabo ya ƙi fita. Ba a goshi yake ba inda hannu ke taɓawa, a tsakiyar ka yake. Na kai hanci. Wallahi ko a cikin barci aka shinshina mini wannan wari na san shi, shi nake kwana da shi a ƙarƙashin farce: tsohon mai da ya sha hayaƙi. Na ɗauko sauran kallabinta, duk da tabon, duk a wuri ɗaya.

“Inna, a wane murhu kike ɗora miyar maigida?”

“Na tsakiya mana. 'Yar tukunyarsa daban ce, a buɗe nake barinta ta yi kauri, haka yake so tun yana yaro.”

Na tsakiya, wato daidai ƙarƙashin maƙogwaron malafa.

Washegari na bi ta. Na gaida uwargida har ƙasa, na gaida Gwaggo, ta amsa da hanci. Na faɗi abin da ya kawo ni. Gwaggo ta saki tasbaha ta kalle ni sama da ƙasa.

“Malafar da ake gogewa kullum safiya? Je ki dubi fuskarki a jikinta, ko da yake ba lalle ki ji daɗin abin da za ki gani ba.”

“Ranki ya daɗe, bayanta ake gogewa. Ni cikinta nake faɗi.”

“Ai dama 'ya ba za ta rasa abin da za ta gano wa uwarta ba. Wa ya san abin da kika ƙunso a zani?”

Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Na ce, “To kada in taɓa. Gwaggo, ke ki ɗauki muciya ki zura da hannunki.”

Ta ce ita ba ta shiga hayaƙi da alwala. Uwargida, wadda tun da aka fara rikicin nan ba ta ce uffan ba, sai ta miƙe. Ta ɗauki muciya, ta kare fuska daga wuta da gefen mayafi, ta yi ɗage ta zura ta can ciki. Da ta ja, sai muciyar ta ƙi fitowa, sai da ta sa hannu biyu. Ta fito da ita baƙi ƙirin, abu yana nannaɗe a kai yana tsiyaya a hankali kamar maɗi.

Uwargida ta shiga turaka ta faɗa wa maigida. Daga inda muke muna jin muryarsa, ta mai jinya: “A yi. Amma kada a lanƙwasa mini ita.”

Aka kashe wuta, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka rataya malafar. Aka kafa duwatsun murhu a tsakar gida, matan gida suka karɓi girki. Inna ta zauna a kan tabarma ta harɗe hannu, tana kallon yadda suke ƙona tuwo. Ni kuma na jira ƙarfe ya huce, na kifa turmi, na ɗaure zani a ƙirji, na naɗe kai da tsumma, na hau na cusa rabin jikina ciki.

Na sha kankare madafi, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. A madafin gargajiya man yana bazuwa ko'ina a rufi. Wannan kuwa duk abin da aka soya a gidan tun ranar da aka rataya ta, nan ya taru wuri guda. Na ƙasa ya daskare kamar ƙaro, na sama kuma zafin bazara ya narkar da shi yana gangarowa. Na fara da sakaina, ta karye. Na koma tsingaro. In na kankaro sai ya zubo mini a fuska, a wuya, ya bi ta hammata ya gangara. Babu iska, babu haske, numfashina kaɗai nake ji yana dawo mini. Hannu a sama tun hantsi. In kafaɗa ta mutu in sauko in jijjiga ta, in sake hawa. Bayan kankara sai dusa, a cuɗa ta tsotse maiƙo. Bayan dusa sai tafasasshen ruwan toka da kanwa, wanda ya ci mini fatar yatsu har suka yi fari suka tsattsage. Sannan sabulun salo da soso. Maƙerin nan kuma ya naɗe bakin ƙarfen ta ciki ya bar kaifi, nan ya yanke ni a tsintsiyar hannu. Ga tabon nan har yau.

Saura bututu, shi kuma sai ta sama. Aka jingina mini tsani. To kun san in namiji zai hau rufi sai ya yi shela, don matan maƙwabta su suturta jikinsu. Ni ban san dokar mace ba, don ban taɓa jin macen da ta hau ba. Sai kawai na buɗe murya: “Za a hau sama! A kintsa!”

Na ji gudu da ƙarar kwanuka a gidan da ke jikin katanga. Da kaina ya ɓullo, wata tsohuwa ta leƙo daga bayan labule, ta ƙare mini kallo, ta ce, “La'ilaha! Ke mace ce ko aljana?”

Na ce, “Iya, da safe dai mace ce. Yanzu ban sani ba.”

Na ɗaura tsumma a kan gora na yi ta zurawa ina jujjuyawa, rana tana dukan ƙeyata, rufin yana gasa mini tafin ƙafa. Can wani curi ya saki ya faɗa ƙasa tim, na ji matan gida sun kwashi salati. Na yi ta ɗura ruwan zafi har sai da abin da ke fita ta ƙasa ya zama ruwa sak.

La'asar sakaliya na gama. Na tattara abin da na fitar a babban kasko, na ɗauko shi da kyar na dire a tsakar gida. Ido da haƙori kaɗai ake gani a jikina. Amma fa a raina na shirya jawabi tun ina cikin ƙarfen nan, na jera shi tsaf, ina jiran a ba Inna haƙuri in ɗora nawa a kai. Har na zaɓi inda zan tsaya.

Gwaggo ta leƙa kaskon ta toshe hanci, ta ce, “To, Allah ya kyauta. Ciwon cikin kuma fa, shi ma malafar ce?” Ta shige ɗaki.

Uwargida ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba, gobe sai ki koma kan tukunyarki. Wancan zancen a bar shi.”

Shi ke nan. Babu yi haƙuri, babu mun yi kuskure. Aka ba ni sabulu da ƙonannen tuwo. Jawabina ya tafi a banza, kuma ko da na so yi ba ni da ƙarfin buɗe baki. Inna ta ce, “To.” Ta naɗe tabarmarta muka tafi. A hanya ita ta riƙe ni, ba ni na riƙe ta ba.

Washegari na koma ɗauko gorata da na manta, sai na tarar an gama abincin rana. Miya fes, babu ɗigon komai. Inna ta ɗauko akushin maigida, ta zo tsakar gida ta tsaya daidai inda aka saba tsayar da ita. Ta ɗaga murya.

“Gwaggo, fito. Za a kai.”

Uwargida ta ce, “Haba Baba, ai an bar wannan.”

“Ku kuka bari.”

Ta buɗe akushi, ta yi bisimilla, ta gutsuri loma ta dangwali miya, ta tauna a hankali tana duban kowa ɗaya bayan ɗaya, ta haɗiye. Ta buɗe baki ta nuna. Sannan ta rufe ta miƙa.

Kuma haka ta ci gaba, rana da dare, rani da damina. Maigida ya warke da saukar ruwan sama. Gwaggo ta ce rubutun malaminta ne, babu wanda ya yi mata musu. Ita Gwaggon ta koma ɓuya a ɗaki in lokacin abinci ya yi, sai Inna ta bi ta har bakin ƙofa, ta yi sallama, ta ci lomarta a nan. Maigida da kansa ya fito wata rana, babban mutum da furfura a gemu, ya russuna.

“Baba, don girman Allah ki bari. Abincin ba ya wuce mini.”

Ta ce, “Ɗan nan, kwanciyar hankali ce, taka da tawa. Ci abinka kada ya huce.”

Ni kaina abin ya ishe ni. Na ce mata ko dai ta bar gidan ko ta yafe, wannan wahalar ta mene ce? Tana shafa wa yatsuna man kaɗanya a lokacin, don sun daɗe ba su warke ba. Ta ce, “Ke wannan, yafewa na yafe tuni. Kin wanke ƙarfe, kin yi naki, Allah ya yi miki albarka. Amma yaron da na ɗebe wa ƙanzo ya kwanta a ɗaki yana jin ana sa ni cin loma, bai ɗaga labule ba. Wannan da wace toka za ki fitar da shi?”

Ba ta daina ba sai da gwiwa ta hana ta fita.

Ni kuwa abin ya zame mini hanyar abinci. Wasu attajiran suka yi tasu malafar, labari kuma ya bazu cewa akwai wata doguwa a Yakasai mai shiga cikinta. Duk gabanin azumi aike kan aike. Na shiga cikin ƙarfen mutane har ban san iyaka ba, na bar kafaɗata a can, na samo tarin da har yau yake tashina. Ba na ƙorafi, da shi na yi aure na biyu, da shi na aurar da 'ya'ya. Kuma duk gidan da na shiga sai na ce a sa uwargida ta zura muciya da hannunta tukuna, ta gani da idonta, kada gobe a nemi wata baiwar Allah a ɗora mata.

Da ina yarinya na ɗauka in ka fito da gaskiya ka dire ta a tsakar gida, magana ta ƙare, kowa zai koma yadda yake. Ban sani ba ashe sunan Inna kaɗai na wanke, gidan da ta sani kuwa ya riga ya tafi. Yanzu in na tuna ba fushi nake ji ba, gajiya ce, irin ta ranar nan da na dire kasko na rasa bakin magana.

Na tsufa, ba kasafai ake barina in kusanci murhu ba. Amma in na matsa aka bar ni na yi miya, na zuba wa ɗana, kafin in miƙa sai in ga hannuna ya gutsuri loma ya kai baki. Ni da babu wanda ya taɓa zargina da komai. Matar ɗana ta kan ce, “Baba, gishiri kike ji?”

Sai in ce mata, “I, 'yar nan. Gishiri.”